Auren Dole Iri Biyu Ne, Marubutanmu Sun Ga Ɗaya

Idan aka ce a zaɓi jigo guda wanda ƙagaggun labaran Hausa suka fi yawan tattaunawa a kansa tun daga lokacin da aka fara buga su da boko, ba ma tsammanin za a sami wanda zai ja da auren dole. Tun a shekarun 1930 littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya buɗe wannan ƙofa, inda dukiyar Malam Shehu ta raba Abubakar da Zainab, ramuwar gayya kuma ta biyo baya har ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. A 1980 Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, budurwa ta tsaya kai da fata a kan wanda zuciyarta ta zaɓa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta kawo mana Abu a cikin Wa Zai Auri Jahila?, yarinyar da aka cire daga makaranta aka miƙa wa Sarkin Noma, sa'an ubanta. Bayanta kaɗan Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa Sumayya ta faɗa rijiya a cikin In Da So Da Ƙauna, don kada a raba ta da Muhammad a ba Abdulƙadir mai kuɗi. Daga nan sai ambaliya ta ɓalle, kowane sabon marubuci da nasa mugun uban da nasa alhajin mai ƙaton ciki.

Ba mu zo don mu rage wa waɗannan littattafai daraja ba. Duk abin da aka faɗa a kansu lokacin muhawarar da aka sha a jaridu, bayan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, babu mai musun cewa sun shiga gidajen da jarida ba ta shiga, sun kuma sa iyaye da yawa sun sake tunani kafin su ce sun ba da 'ya. Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare mun san yawan waɗanda aka ƙwace daga ƙarƙashin benci, mun kuma san cewa 'yan mata da dama da su suka iya karatun Hausa, ba da littafin aji ba. Wannan aiki ne, kuma an yi shi.

To amma auren dolen da marubutanmu suka gani iri ɗaya ne tak. Kullum budurwa ce, kullum uba ne ko kaka ke tilasta mata, kullum akwai saurayi talaka mai ladabi yana jira a bakin zaure. Akwai wani auren dolen da ya fi wannan yawa a garuruwanmu, wanda babu uba a cikinsa, babu saurayin da aka raba ta da shi, babu rijiyar da za ta faɗa a tausaya mata. Shi ne wanda gari ke yi wa macen da ba ta da miji. Mai unguwa na cikin masu yinsa, da mai gidan haya da ya ce ba ya ba mace ɗaki sai ta zo da namiji, da matan 'yan'uwanta da suka gaji da ganin kwanonta a tsakar gida, da mai wa'azi, da hukuma idan ta tashi kamen mata. Abin mamaki a nan shi ne, a fiƙihun Malikiyya da muke bi, budurwa ce uba ke da ikon aurarwa bisa sharuɗɗa, amma bazawara ba a ɗaura mata aure sai da yardarta, da bakinta. Wato wadda shari'a ta ba ikon kanta, ita ce gari ya fi matsa wa lamba, kuma ita ce alƙalamin marubuci ya tsallake.

Wannan matsi ba baƙon abu ba ne. Dattawa a ƙasar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar, suna tuna yadda ake yi idan damina ta yi gardama. Kafin a fita roƙon ruwa, ko bayan an fita ba a samu ba, sai sanƙira ya zaga da shela cewa duk macen da ba ta da miji an ba ta kwana kaza, ko ta yi aure ko ta bar gari. Masu bincike sun rubuta wannan al'ada: Renée Pittin ta yi aiki a kan mata masu zaman kansu a birnin Katsina a shekarun 1970, Barbara Cooper kuma ta fitar da littafi a kan aure a Maraɗi a 1997. A irin wannan shela ba a tantance karuwa da bazawara mai tuwo-tuwo da ke ciyar da 'ya'yanta, kuɗin goro ake yi musu. Waɗansu su shiga mota su koma gari na gaba su jira ruwa ya sauka. Waɗansu su nemi wani almajiri ko ɗan dako a ɗaura musu aure na ganin ido, wanda kowa ya san ba zai kai kaka ba. Mazan da ke zuwa gidajen nan da dare kuwa, su ne a sahun gaba a filin roƙon ruwa da safe, da rigunansu a juye. Ina marubucin da ya taɓa zama ya rubuta mana labarin waɗannan kwanaki na wa'adi daga cikin ɗakin macen da ake ƙirga wa?

Ta fuskar doka ma abin yana da tarihi. Kundin final kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya riga ya sa zina cikin laifuffuka a sashe na 387 da na 388. Sa'an nan a watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, jihohi suka bi sahu, Jihar Sakkwato a ƙarƙashin Gwamna Attahiru Bafarawa ta kafa nata kundin hukunta laifuffuka, wanda ya fara aiki a farkon 2001. Jama'a sun yi murna, kuma suna da dalilin murna, domin an gaji da kotunan da talaka ba ya samun gaskiyarsa a cikinsu. A garuruwa aka rufe gidajen giya da gidajen magajiya, waɗanda ke zaman dadiro kuma aka ce ko su ɗaura aure ko su watse. Mu a nan ƙasar Illela, tun daga Araba a bakin iyaka har zuwa Darna Sabon Gari, mun ga wani ɓangare na abin da ya biyo baya wanda mutanen birni ba su gani ba, domin Birnin Ƙwanni yana nan ƙetaren iyaka, tafiyar ɗan lokaci a kan kabu-kabu, kuma dokar Sakkwato ba ta aiki a can. Matan da aka kora suka tsallaka da ƙunshin kayansu. Masu neman su ma suka riƙa tsallakawa da yamma su dawo da asuba, mutuncinsu bai taɓu ba.

A kan hanyar nan tamu ta zuwa Sakkwato Gwadabawa take, kuma a can ne aka yi shari'ar da ta kai sunan yankinmu ƙasashen da ba su taɓa jin labarinmu ba. Safiya Hussaini, mutuniyar Tungar Tudu, bazawara ce wadda ta yi aure fiye da sau ɗaya. An gan ta da ciki ba miji, aka kai ƙara. A watan Oktoba na 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa. Mutumin da ta ambata da farko ya musanta, babu shaidu huɗu a kansa, aka sallame shi ya koma gida. Ita kuwa shaidarta tana goye a bayanta, domin a mazhabarmu cikin macen da ba ta da miji yana iya zama hujja a kanta. Da aka ɗaukaka ƙara, ta janye maganarta ta farko, lauyoyinta suka kawo batun kwantaccen ciki, wanda malaman Malikiyya suka yarda yana iya daɗewa shekaru bayan rabuwa da miji. Ranar 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta rushe hukuncin, daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a bi ƙa'idojin shari'a yadda ya kamata ba a kotun farko. A cikin watan nan ne wata kotu a Bakori ta Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, ita ma bazawara, ita ma namijin ya tsira, ita ma sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta sallame ta.

Mu lura da kyau, domin a nan ne mai rubutu ya kamata ya buɗe ido. Alƙalan shari'a ne suka kuɓutar da matan nan biyu, da hujjoji daga littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Saboda haka labarin ba na rigima tsakanin addini da masu ƙin addini ba ne, kamar yadda jaridun Turai suka so su mai da shi. Labari ne na macen ƙauye da ba ta san abin da kalmar da ake tuhumarta da ita ke ɗauke da shi ba, da maƙwabtan da suka kai tsegumi, da namijin da ya san cewa kalmar a'a ta ishe shi, da alƙalin da ya yi gaggawa, da waɗansu alƙalan da suka tsaya suka duba littafi. Duk abin da marubucin ƙagaggen labari ke nema yana ciki: tsoro, da cin amana, da jaririya a tsakiya, da ilmi mai ceto.

Wa ya rubuta shi? Wani ɗan jaridar Italiya ne, Raffaele Masto, ya zauna da Safiya ta bakin tafinta, ya fitar da littafin rayuwarta da harshen Italiyanci, daga baya aka juya shi zuwa Ingilishi. Birnin Rum har takardar zama ɗan gari ta girmamawa ya ba ta a 2002. Mu da muke jin harshenta ba tare da tafinta ba, muka san irin katangar gidansu da irin furar da ake damawa a ƙauyensu, shekara ashirin da 'yan kai ke nan ba mu ci karo da wani fitaccen ƙagaggen labarin Hausa da ya ɗauki irin wannan mace ya sa ta a tsakiyar fage ba. Ba muna nufin a ɗauki sunanta da asirinta a kai kasuwa ba, wannan ba ya cikin ladabi. Muna nufin irin rayuwarta, wadda dubbai ke cikinta ba tare da an taɓa jin sunansu a rediyo ba.

Ba wai babu mace marar miji a adabinmu ba. Tana nan birjik, sai dai aiki ɗaya aka ɗauke ta yi, shi ne ta zama abin tsoratarwa. A wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, karuwa ce attajiri ya auro ta tsiyata shi. Wannan hoto ya bi mu har cikin littattafan mata. Dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda a ganinmu yana cikin mafi ƙarfin littattafan da aka rubuta a kan zaman gidan Bahaushe. Delu ta shigo gidan Alhaji Abdu daga bariki, kuma tun daga shigowarta har fitarta ba a ba mai karatu damar ya tambayi abin da ya kai ta barikin ba. Wa ya fara aurenta? Wa ya sake ta? Ina 'ya'yanta, in tana da su? Ita dai annoba ce da ta faɗo wa gida. Amma marubuciyar nan, da yake idonta ya fi na saura kaifi, ta yi wani abu a ƙarshen littafin da ya kamata masu koyon rubutu su tsaya a kansa. Rabi, wadda aka kora da 'ya'ya tara, ta tsaya da ƙafarta, ta kama sana'ar abinci, ta rufa wa kanta asiri, ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai ga dangi da suruki sun taru a kan Rabi ta koma ɗakinta. Ta koma, amma mai karatu bai ji guɗa ba, abin da ya ji nauyi ne a ƙirji. Wannan shi ne auren dole na biyu da muke magana, an nuna shi sarai. Abin takaici, waɗanda suka biyo bayan Balaraba sun kwaikwayi Delu sau ɗari, ba su kwaikwayi wannan nauyi na komawar Rabi ba.

Wanda ya yi ƙarfin halin shiga ɗakin da saura ke leƙe daga waje shi ne Ibrahim Sheme a cikin 'Yartsana, wanda ya fito a 2003. Ya bi tauraruwarsa daga auren da ba ta so har cikin zaman bariki, gari bayan gari, ya bar ta ta yi tunani, ta yi dariya, ta yi nadama, kamar kowane ɗan Adam. Ya nuna mazan da ke zuwa wurinta da irin rigunan da suke sawa da rana. Amma ko shi ɗin, ta tsohuwar ƙofa ya shigo, wato budurwar da aka raba da masoyinta, kamar dai mai karatu ba zai yarda ya saurari mace ba sai an fara tabbatar masa cewa iyaye ne suka cuce ta. Ita kuwa wadda babu wanda ya tilasta wa auren fari, ta yi shi da murna, aka sake ta da goyo bayan shekara uku saboda gishiri ya yi yawa a miya, har yanzu tana jiran marubucinta.

Mun san abin da waɗansu 'yan'uwa za su ce, domin an sha faɗa a tarurrukan ƙungiya: rubuta irin wannan labari tallata alfasha ne. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Zina haramun ce, zaman dadiro kuma ba abin da Musulmi zai yi wa ado ba ne, kuma wanda ya fi cutuwa a cikinsa ita ce macen da ɗan da za a haifa, wanda ba shi da gadon uba, ga gorin da zai bi shi har tsufa. Amma likitan da ya bayyana yadda cuta ke shiga jiki ba tallar cuta yake yi ba. Akwai kuma tsoro, wanda shi ma gaskiya ne. Waɗanda suka ga yadda aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, da yadda hukumar tace fina-finai ta jihar a zamanin Abubakar Rabo ta nemi marubuta su yi rajista su kuma miƙa rubutunsu a duba, ba za a zarge su ba idan hannunsu ya riƙa rawa. Sai dai akwai abin da ke ɗaure mana kai. Littattafan da ake rubutawa yanzu a waya, ana sayarwa shafi-shafi ta WhatsApp, da yawansu sun cire kunya sun rataye, suna kwatanta abin da ke faruwa a gado dalla-dalla, abin da marubutan 1990 ba su taɓa mafarkin yi ba. Ashe ba kunya ce ta hana ba. Ƙarfin halin shiga ɗakin kwana ya samu, na shiga zauren mai unguwa da ɗakin shari'a ne bai samu ba. Kuma bayan duk wannan batsa, yadda aka saba ake rufewa: attajiri ya aure ta, aka tafi Dubai, aka haifi tagwaye.

Wannan rufewa da biki ita ce babbar matsalar zubin labaranmu, kuma a nan ne marubuci, ba tare da ya sani ba, yake shiga sahun masu matsa lamba. Idan kowane labari ya nuna cewa ɗaurin aure ne ƙarshen wahala, to mai karatu zai tashi da fahimtar cewa duk macen da ba ta da miji labarinta bai ƙare ba, wani abu ya rage a gyara mata, ko da wane ne za a samo. Hukuma ma da wannan fahimta take aiki. A Janairun 2009 zawarawa a Kano, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Altine Abdullahi, sun shirya fitowa kan titi don su koka da yawan saki da rashin kulawar tsofaffin mazansu, Hukumar Hisba ta hana. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisba a ƙarƙashin Shaihu Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, gwamnati ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki. A Oktoba 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 maza da 1,800 mata a rana ɗaya. Niyya ce mai kyau, kuma babu shakka akwai gidajen da suka rayu ta dalilinta. Amma 'yan jarida suna zuwa ranar ɗaurin aure ne su ɗauki hoton gadaje da katifu su tafi. Wata na bakwai, lokacin da buhun shinkafar gara ya ƙare, jarin ya narke, 'ya'yan mijin fari suka zo hutu, ba mai ɗaukar hoto a wurin. Nan ne aikin marubuci ya fara, kuma daidai nan ne marubutanmu ke rubuta alhamdu lillahi su ajiye biro.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne ke neman gyara zaman maza da mata da wa'adi. A 2017 Shugaba Pierre Nkurunziza na Burundi, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, ya ba duk masu zama tare ba aure wa'adin ƙarshen shekara su halatta zamansu. A Disamba 2022 majalisar Indunusiya ta zartar da kundin da ya mai da irin wannan zama laifi, idan iyaye ko 'ya'ya ko abokin aure suka kai ƙara. Ko'ina tambayar da doka ba ta iya amsawa ita ce, me ya hana su auren tun farko?

Garin kan iyaka kamar namu yana da amsoshi da yawa ga mai son ya saurara. Ranar Lahadi kasuwar Illela takan cika da fataken shanu da raƙuma, da 'yan canjin sefa, da direbobin manyan motoci waɗanda iyalinsu ke Kano ko Tawa ko Agadas, suna kwana a nan sau da yawa fiye da yadda suke kwana a gida. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, harkoki sun tsaya cik, kuma mai tuwo-tuwon tasha na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. A ce marubuci ya ɗauki mace ɗaya daga cikin irin waɗannan. An sake ta, gidan ubanta ya zama na ƙannenta da matansu, ta kama ɗaki kusa da tasha tana sayar da abinci. Wani direba yana cin bashi yana biya, wata rana ya biya mata kuɗin haya, wata rana ya bar jakarsa a ɗakinta. Ya ce zai aure ta idan ya dawo daga wannan lodi. Ba ƙarya yake yi ba ɗungum, amma yana tsoron uwargida, yana tsoron lefe, ita kuma ba ta da mai yi mata gado da katifa da jeren kwanoni karo na biyu, waliyyinta yana wani ƙauye yana fushi da ita. Tsakanin zaman da suke yi da auren ɗauki-sandarka, wanda al'ada ta sani, miji ya riƙa zuwa gidan matar, babu komai sai sadaki da waliyyi da shaidu biyu, abin da ba zai ɗauki rabin sa'a a zauren liman ba. Me ya sa rabin sa'ar nan ta gagara shekara biyu? Marubucin da ya iya amsa wannan ba tare da ya mai da ita shaiɗaniya ko ya mai da ita waliyyiya ba, ya rubuta littafin da ba mu da shi.

Sa'an nan ranar da aka buga ƙofa. A nan muna roƙon masu tasowa su yi hattara da abu biyu da ke kashe irin wannan fage. Na farko, kada a sa jami'in da ya zo kame ya zama dodo. Sau da yawa yaro ne ɗan unguwa mai ganin aikin Allah yake yi, wataƙila ma yayarsa na zaune a gida da takardar saki, kuma wannan ya fi ban tausayi da ban tsoro fiye da mugu. Na biyun ya fi wuya, shi ne kada a bar namijin ya sulale daga labarin kamar yadda yake sulalewa daga kotu. Littattafanmu sun saba da bin mace har kabari, ciwo ya kama ta, ta rame, ta yi kuka, ta nemi gafara, shi kuwa an manta da shi tun babi na huɗu. A bi shi. A shiga motar tare da shi a kan hanyar Gwadabawa, a ji abin da yake gaya wa yaron motarsa, a ga tsarabar da ya saya wa uwargida, a tsaya kusa da shi a masallaci ranar da ya ji an ce matar nan ta tasha ta haihu, namiji, kuma mai kama da wani.

Game da harshe kuma, a bar mutanen nan su yi magana da bakinsu. Mai tuwo a tashar Illela ba ta Hausar Kano, balle ta littafin makaranta. Tana cewa mi da shina da ɗiya da ƙwarai kuwa irin na Sakkwatawa da Adarawa, tana lissafi da naira da sefa a lokaci guda, kuma idan mai unguwa ya kira ta ba za ta yi masa jawabin shafi biyu a kan 'yancin mata ba. Za ta durƙusa, ta ce ranka shi daɗe, ta tambaye shi kwana nawa aka ba ta.